Yadda Ake Ƙara wa Rediyon K2 Fanel-Fanel na Zaɓi Ba Tare da An Kashe Shi Ba

Wanda ya haɗa rediyon K2 da hannunsa, ya kunna, ya ji sigina na shigowa daga wata nahiya, yakan ɗauka wahala ta ƙare. Daga nan sai ya jero ledojin kayan ƙari huɗu ko biyar, ya harhaɗa su a jere, ya cusa su gaba ɗaya, ya ɗaure marfi, ya ba shi wuta. Rediyo ya yi gum. Yanzu ga fanel biyar, kowanne da ɗaruruwan wuraren dalma, kuma babu hanyar sanin wanne ne mai laifi. Wannan kuskuren ne na fi gani a wurin sababbin shiga, shi ya sa na rubuta wannan jagora.

K2 na kamfanin Elecraft ne, wanda Wayne Burdick da Eric Swartz suka kafa a jihar Kalifoniya ta Amurka a 1998, rediyon kuma ya shiga kasuwa a 1999. A warwatse yake zuwa, kai za ka haɗa. Gundarinsa fanel uku ne: na gaba mai allo da maɓallai, na sarrafawa, da babban fanel na RF da ke shimfiɗe a ƙasa. Haka nan tsurarsa yana aikawa da saƙon Mos kaɗai, a zango takwas daga mita 80 zuwa mita 10, da ƙarfin wat 10 zuwa 15. Duk abin da ya wuce wannan, murya ce, ko zangon mita 160, ko wat 100, ƙari ne da kai za ka zaɓa. Da K2 zan yi bayani, amma tsarin aikin ya shafi kowane rediyon haɗa-da-kanka mai soket-soket na jiran ƙari.

Kayan aiki

Ayan na dalma mai daidaita zafi, mai siririn baki, a ajiye shi wajen digiri 370 a ma'aunin Salshiyas. Dalma siririya mai rozin a cikinta, 63/37 ko 60/40. Dalmar masu gyaran famfo ko lagireto mai asid kada ta kusanci teburin, domin asid ɗin zai ci gaba da cin tagullar fanel bayan an gama aiki. Sai mita mai auna bolt da om da amfiya, da kota mai yanke ƙafa daidai da fuskar fanel, da filaya mai dogon baki, da sukudireba mai baki huɗu, da abin zuƙe dalma ko igiyar tagulla mai shanye ta, da gilashin ƙara girma. Sai lodin gwaji mai om 50, wanda zai shanye ƙarfin rediyo a maimakon eriya. Idan kana da niyyar wat 100, lodin ma ya zama mai ɗaukar wat 100.

Abin ɗaurawa a wuyan hannu mai sauke wutar da ke taruwa a jiki, mutane da yawa suna raina shi. Wanda ya taɓa jin tartsatsi daga hannun ƙofar mota a lokacin hunturu ya san irin wutar da ake nufi, kuma wadda ta fi wannan ƙanƙanta, wadda ba ka ma ji ba, ta isa ta lalata aisi. A busasshiyar iska abin ya fi muni.

Dalma tana da gubar da ke taruwa a jini. A yi aiki inda iska ke shiga, a wanke hannu kafin a ci abinci, kuma kada a bar yara su tsinci gutsuren da ya zuba.

1. Yanke shawarar marfin sama tun kafin ka sayi komai

Wasu daga cikin kayan ƙarin a kan fanel na RF ko na sarrafawa suke zama: KSB2 na murya, KNB2 mai datse ƙarar tartsatsi, K160RX na mita 160 da eriyar sauraro ta daban, K60XV na mita 60. Waɗannan ba sa rigima da kowa. Amma akwai uku da a jikin marfin sama ake ɗaure su: KAT2 mai daidaita eriya, KBT2 batirin ciki, da KIO2 mai haɗa rediyo da kwamfuta. Shi kuwa KPA100, amfilifaya mai wat 100, marfi ne shi kansa, da faffadan ƙarfen sanyaya. In ya hau, tsohon marfi da duk abin da ke jikinsa sun sauka.

Ke nan hanya biyu ce. Mai son ɗaukar rediyo ya fita da shi daji da batir da guntuwar waya a kan bishiya, nasa KAT2 da KBT2. Mai son tashar gida, nasa KPA100, wanda yake da tasa mahaɗar kwamfutar a jiki, don haka sayen KIO2 asarar kuɗi ne. Mai daidaita eriyar da ke tafiya da shi KAT100 ne, a akwatinsa daban. Akwai masu ajiye marfi biyu suna sauyawa, kuma hakan yana yiwuwa, sai dai kowace sauyawa dama ce ta soka wata waya a inda ba nata ba.

Haka KAF2 da KDSP2, masu tace sauti: gurbi ɗaya suke hawa a fanel na sarrafawa. Taura biyu ba ta taunuwa.

Game da mita 60, ka duba abin da lasisinka ya ba ka kafin ka kashe kuɗi. Taron duniya kan sadarwar rediyo na 2015 ya ware wa masu sha'awa ɗan yanki daga kilohaz 5351.5 zuwa 5366.5, amma kowace ƙasa ce ke buɗe wa 'yan ƙasarta.

2. Tabbatar da lafiyar rediyon, ka rubuta

Rediyon da ke da 'yar matsala, ƙari ba ya warkar da shi, ɓoye matsalar yake yi. Kafin ka kwance ko sukuru ɗaya, haɗa lodin gwaji, ka bi zango takwas ɗin ɗaya bayan ɗaya. A kowanne rubuta ƙarfin da yake fitarwa da wutar da yake ja lokacin aikawa. K2 yana nuna bolt da amfiya a allonsa idan ka danna DISPLAY, saboda haka rubuta abin da yake ja lokacin sauraro ma. Shiga CAL FIL ka kwafe lambobin kowace matata, na faɗi da na BFO, a takarda.

Amfanin wannan takarda zai bayyana nan gaba. In ka saka sabon fanel ka ga wutar sauraro ta ƙaru da 'yan miliyamfiya, daidai ne. In ta yi tsalle sosai, akwai inda dalma ta haɗe ƙafa biyu. Wanda bai auna tun farko ba, ba shi da abin kwatantawa.

Duba lambar rediyon da sigar manhajar da ke cikin aisinsa. Daga lamba 3000 zuwa sama an sauya fasalin fanel-fanel ɗin, waɗanda ke ƙasa da haka kuwa sukan buƙaci gyare-gyare kafin su karɓi wasu kayan ƙarin, musamman KPA100. Wannan ya fi shafar wanda ya sayi na hannu. Ka kuma nemi takardar gyaran kurakurai da ke zuwa tare da littafin kowane fanel, ka shigar da gyaran cikin littafin da biro tun kafin ka fara.

3. Ƙirga kaya, fanel ɗaya kawai

Buɗe leda ɗaya. Sauran su zauna a rufe, domin ƙananan kafasito na wannan da na wancan kamanninsu ɗaya, ƙimarsu daban. Bi jerin da ke bayan littafi, ka yi wa kowane abu alama. Rezisto a auna shi da mita, kada a dogara da launi, saboda ja da ruwan ƙasa da ruwan lemo suna rikiɗa a ƙarƙashin fitila. Aisi su zauna a kan baƙin sosonsu har sai lokacinsu ya yi.

4. Haɗa fanel ɗin: zobba da soket

A nan zan daɗe, domin nan ne yawancin ciwon yake.

Zobban da ake naɗa wa waya, ƙa'idar ƙirgarsu ɗaya ce: duk lokacin da waya ta ratsa ramin zobe, naɗi ɗaya ke nan. A ƙirga daga ciki. Mai ƙirgawa daga waje yakan ƙare da naɗi ɗaya a sama ko a ƙasa, kuma a ƙaramin zobe wannan ya isa ya karkatar da matata. A duba launin zoben ma, don ja da rawaya da baƙi ba sinadari ɗaya ba ne, ko da girmansu ya zo daidai.

Wayar tana da fenti mai hana wuta wucewa, kuma dole a cire shi a ƙarshen ƙafafun. Hanyar da na fi yarda da ita: tara ɗigon dalma a bakin ayan, ka tura bakin wayar a ciki, ka jira har fentin ya tafasa ya yi hayaƙi, sannan ka ci gaba da turawa sannu a hankali kana ƙara dalma, har zuwa jikin zoben. Ƙafar da ta yi kyau za ta yi fari fat, tana sheƙi ko'ina. Abin da ke faruwa da masu gaggawa shi ne, suna goge ƙarshen ƙafar kaɗai, su ja ta cikin rami har wurin da ke da fenti ya zo daidai da fanel. Dalma ta rufe wurin, ido ya ga kamar an gama, amma wuta ba ta wucewa, ko kuma tana wucewa yau gobe ta ƙi. Bayan ka liƙa kowane zobe, ɗora mita a kan tagullar fanel ta ɓangarorin biyu, ba a kan wayar ba, ka tabbata om ɗin ya kusan sifili.

Masu naɗi biyu, irin T1 da T2 na KSB2, kowace ƙafa da lambar raminta. In ka juya su, rediyo zai yi aiki amma kamar kurma.

Sai soket da fil-fil masu shiga cikinsu. Wasu a saman fanel suke zama, wasu a ƙasa, kuma littafin yana faɗa ƙarara. Wanda ya liƙa mai ƙafa goma sha biyu a fuskar da ba ita ba, cire shi ba tare da yage tagulla ba aiki ne ja. Duba zanen da ke jikin fanel: inda aka zana siffar abu, nan yake zama. Liƙa ƙafa ɗaya tak, ka ɗaga fanel ɗin zuwa ido ka ga ko ya zauna daram kuma a miƙe. In ya karkata, narkar da ƙafar nan ɗaya ka gyara. Sai ka gamsu sannan ka liƙa saura.

Kiristal ɗin matatar KSB2 guda bakwai ne, an zaɓo su ne su dace da juna, saboda haka kada a gauraya su da wasu. Wajen liƙa wayar ƙasa a jikin gwangwaninsu a yi sauri; zafi mai yawa yana sauya musu mita.

Da ka gama, yi gwajin om da littafin ya jera, tun fanel ɗin bai shiga rediyo ba. Shot ɗin da aka kama a kan tebur ba ya ƙona komai.

5. Cire abin da aka ce a cire, shi kaɗai

Masu ƙera K2 sun bar 'yan gadoji na waya a kan fanel na RF, waɗanda ke tsallakar da sigina ta kan gurbin da babu kowa. In fanel ya zo, gadar ta tashi, don sigina ta bi ta cikinsa. K160RX yana buƙatar a cire W1. KSB2 yana buƙatar a cire W2 da W3 da kafasito C167. KNB2 kuwa W5, tare da ɗan sauyi a rezistocin da ke kusa da ita. In ka manta ka bar gada, sigina za ta bi gajeriyar hanya ta kewaye sabon fanel. In kuma ka cire gadar wani fanel da ba ka saka ba tukuna, ka yanke hanyar gaba ɗaya, rediyo ba zai ji komai ba. Wannan na biyun yakan sami masu cewa bari su cire duka tunda sun riga sun buɗe ƙasan akwatin.

Fanel ɗin mai fuska biyu ne, kuma cikin kowane rami akwai rufin tagulla da ke haɗa sama da ƙasa. In ka fizgi ƙafa dalma ba ta gama narkewa ba, rufin zai biyo ta. Yanke abin gida biyu da kota, ka zare kowace ƙafa ita kaɗai, sannan ka share ramin. Ƙimar abin da ka cire kuma a rubuta ta, domin ranar da za ka zare fanel ɗin don bincike, sai ka mayar da irinsa sannan rediyo zai yi aiki.

6. Sakawa da kunnawar farko

Zare wayar wuta daga bayan rediyo gaba ɗaya. In akwai batirin ciki, raba shi shi ma. Ɗora fanel a kan soket, ka leƙa ta gefe da tocila kafin ka danna. Gocewa da fil ɗaya abu ne mai sauƙin faruwa, kuma tana iya kai bolt 12 kan ƙafar da bolt 5 take jira. Ramin sukuru shi ne shaida: in bai zo daidai da ginshiƙinsa ba, fanel ɗin ya goce.

Kunna, idonka a kan amfiya, hancinka a buɗe. Fanel-fanel masu nasu ƙaramin aisin sarrafawa duk a kan waya ɗaya, wadda ake kira AuxBus, suke magana da uwar rediyo. Ɗaya ya lalace ya riƙe wayar, saura duk sun yi shiru, allo ya nuna INFO 080. Wanda ya saka ɗaya ya ga wannan saƙo ya san inda zai duba. Wanda ya saka biyar sai ya bi su da cirewa.

7. Saiti

KSB2 ne ya fi cin lokaci. Matatarsa tana bayyana a CAL FIL da sunan OP1, kuma dole a daidaita BFO a kanta, a ɓangarorin murya biyu, LSB daban, USB daban. Soka wayar ƙirga mita a TP2. Kai rediyo inda babu tasha sai shuuu, ka shigar da sautin cikin kwamfuta mai manhajar nuna zanen sauti. Za ka ga tudu mai faɗin kilohaz biyu da ɗoriya. Matsa BFO har gefen ƙasa na tudun ya tsaya wajen haz 300, ka yi haka a ɓangarorin biyu. In an dace, shuuu ɗin LSB da na USB za su yi kusan amo ɗaya. Abin da da yawa ba su lura ba shi ne, lokacin aika murya rediyon saitin FL1 yake amfani da shi, ko wace matata kake sauraro da ita. In FL1 ya karkace, kai kana jin kowa lafiya, su kuwa suna jin ka kamar mai mura, ko kuma muryar ta yi siriri babu kauri. Bayan wannan sai a sa SSBA a kan BAL a murɗa ɗan rezistonsa har ragowar siginar dako ta yi ƙasa iyakar iyawa. Makirfo kuma sai an shirya masa gadojin da ke bayan fanel na gaba, don soket mai fil takwas ba tsari ɗaya kamfanoni ke bi ba.

K160RX yana raba koyil L3 da L4 da zangon mita 80, saboda haka bayan saka shi a sake duba zangon biyu.

KAT2 yana da gadar auna siginar da ke dawowa daga eriya. Da lodin om 50 a ANT1, a murɗa ƙaramin kafasitonsa da sukudireba na roba har karatun ya faɗi ƙasa ƙwarai. In wannan bai yi daidai ba, zai riƙa neman daidaito a inda babu. Da zarar ya hau, eriya a ANT1 ko ANT2 take shiga, tsohuwar mahaɗar ƙasa ta huta.

KNB2 ba shi da wahala, sai dai kada a ɗora masa buri. Ƙarar da ke zuwa tas-tas-tas, irin ta fulogin babur ko janareto ko wayar lantarki mai tartsatsi, ita yake datsewa. Gurnanin inbata da caja masu arha ba ya iya masa sosai. Wannan sai an bi shi har tushe.

KBT2 batirin dalma ne mai amfiya-awa 2.9, kuma yana son wajen bolt 14 daga waje kafin ya cika. Kada a bar shi ya zube ƙasa warwas, kada kuma a bar rediyon cikin mota a rana.

KPA100 ya zo a ƙarshe, bayan komai ya zauna. Yana buƙatar wuta mai bolt 13.8 da ke iya ba da amfiya 20, da waya mai kauri, da fis kusa da tushen wutar. Batirin mota da ya yi shot yana iya mai da waya ja wur cikin ƙiftawar ido. A ɗaure manyan tiransistocinsa biyu a jikin ƙarfen sanyaya yadda littafi ya ce, a sake ɗaure su bayan sun yi aiki na wasu awoyi, domin shimfiɗar da ke ƙarƙashinsu tana lotsawa. Gwajin farko a lodin gwaji, a fara da ƙaramin ƙarfi a riƙa hawa.

8. Wayar kwamfuta

Mahaɗar da ke bayan KIO2 da KPA100 mai fil tara ce, kamanninta sak da ta tsohuwar kwamfuta. Amma fil na 2 da na 3 da na 5 ne kaɗai na kwamfuta. Sauran suna ɗauke da siginonin cikin rediyo, har da AuxBus da bolt 12. Wayar kasuwa tana haɗa taran duka, kuma kwamfuta tana turo wuta mai juyawa sama da ƙasan sifili ta wasu daga cikinsu. Soka ta sau ɗaya ya isa ya kashe aisi fiye da ɗaya. Haɗa wayar da littafi ya zana, ka rubuta K2 a kan da ke shiga rediyo, ka manna gargaɗi a jikin akwatin saboda baƙon da zai zo taya ka. In da abin juya USB na kwamfuta za ka yi amfani, shi ma ta bayan wannan wayar zai bi. Gudun sadarwar 4800 ne.

9. In an kunna bai yi ba

Kashe, ka zare sabon fanel, ka mayar da gadarsa. In rediyo ya dawo daidai da lambobin takardarka, laifin yana kan fanel ɗin. In bai dawo ba, duba inda ka yi cire-cire a fanel na RF, da wayoyin da ka taɓa wajen buɗe marfi, har da ta sifika. A kan fanel ɗin kuwa ga tsarin da nake bi: ƙafar da aka manta ba a liƙa ba, da gilashi, layi-layi; sannan ƙafafun zobba; sannan fuskar diyod da aisi da kafasito masu ƙafar ƙari da ragi; sannan abubuwa biyu da aka musanya wa gurbi. Zargin cewa kayan ne ya zo a mace shi ne na ƙarshe, don shi ya fi ƙarancin faruwa.

In ya yi, sake bin zango takwas ɗin da lodin gwaji, ka rubuta sababbin lambobi a ƙarƙashin tsofaffin, da kwanan wata da sunan fanel. Ka yi aiki da rediyon a iska na 'yan kwanaki, ka tambayi waɗanda ka yi magana da su yadda suke jin ka, a LSB ƙasa da megahaz 10 (banda mita 60, da ke bin USB), a USB sama da haka. Sannan ka buɗe leda ta gaba.